Kafin Ki Sayi Kyamara: Mai Hango Nesa Ko Mai Tara Haske?

A wannan mako ina so mu tattauna a kan sayen ƙaramar kyamarar ɗaukar hoto, irin wadda ake jefawa a jaka. Wata za ta ce wannan ai zancen maza ne. To amma wa ya kai mu buƙatar hoto? Mu ne masu biki da suna, mu ne masu kamu da walima, mu ne kuma masu adana hotunan yara tun suna rarrafe har ranar saukar karatunsu. Bugu da ƙari akwai wuraren da mai hoto namiji ba shi da ikon shiga, kamar ɗakin amarya da tsakar gidan da mata suka saki jiki. Macen da ta mallaki kyamara mai kyau za ta amfani danginta, in ta so kuma ta mai da abin sana'a.

Sai dai kuɗin kyamara ba kaɗan ba ne, ranar biki kuwa in ta wuce ba ta dawowa. In hoton amarya ya lalace babu mai sake tara miki jama'a. Saboda haka ya kamata ki san abin da za ki saya tun kafin ki kwance bakin zanenki.

Iri biyu ne a gabanki

In kin je kanti, ƙananan kyamarorin da za a nuna miki galibi iri biyu ne. Iri na farko su ne masu hango nesa, wato masu zuƙo abin da ke can nesa ya zo kusa. Za ki ga an rubuta 30x ko 40x a jikinsu. Alal misali Canon SX740 HS wadda ta fito a 2018 tana zuƙowa ninki 40, Panasonic TZ99 wadda ta shiga kasuwa a 2025 kuma ninki 30.

Iri na biyu ba su zuƙowa sosai, ninki uku ko huɗu ne kawai, amma sun fi na farko tara haske. Kamfanin Sony ne ya yi fice da su tun da ya fito da RX100 a 2012, Canon kuma yana da G7 X Mark III ta 2019. Abin mamaki, su ne suka fi tsada. Lokacin da SX740 ta fito an sayar da ita dala 400 a Amurka, G7 X Mark III kuwa dala 750. Yaya aka yi wadda ba ta hango nesa ta kusa ninka 'yar'uwarta kuɗi? Amsar tana cikin kyamarar, inda ido ba ya gani.

Allon haske

A da, fim ake sa wa kyamara. Yanzu a gurbin fim akwai wani ɗan allo a bayan gilashi, shi ne haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Bari mu kira shi allon haske. Ki ɗauka ana ruwan sama, kin fitar da kofi, maƙwabciyarki ta fitar da daro. Ruwan ɗaya ne, lokacin ɗaya ne, amma abin da kuka tara ba ɗaya ba. Haka allon haske yake, gwargwadon faɗinsa gwargwadon hasken da zai tara.

Allon masu hango nesa ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa kimanin milimita 6, faɗinsa 4 da rabi, bai kai farcen ƙaramin yatsanki ba. A kwali ana rubuta shi 1/2.3. Allon iri na biyu kuwa milimita 13.2 ne da 8.8, ana kiransa mai inci ɗaya, ko da yake sunan tsohon ma'auni ne aka gada daga kyamarorin talabijin na da, girmansa bai kai inci ba. In kin buga lissafi za ki ga filinsa ya ninka na farko sau huɗu. Akwai ma wanda ya fi shi, ana ce masa APS-C, kamar na Ricoh GR III ta 2019 da Fujifilm X100VI ta 2024. Shi ya ninka ƙaramin wajen sau 13, amma waɗannan biyun ba su zuƙowa ko kaɗan, sai dai ki taka da ƙafarki ki matsa.

Me ya hana a haɗa babban allo da zuƙowa ninki 40? Dalili shi ne babban allo sai da babban gilashi. In aka ce a haɗa su, kyamarar za ta yi girma da nauyi har ta fi ƙarfin jaka. Ko da ƙaramin allon ma, Nikon P1000 ta 2018 mai zuƙowa ninki 125 nauyinta ya kai kilo ɗaya da kusan rabi. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Ƙofar haske

Abu na biyu shi ne faɗin ƙofar da haske ke bi ta cikin gilashi. Dubi bakin gilashin kyamara za ki ga lambobi kamar 1.8-2.8 ko 3.3-6.9. A nan lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Lambar farko tana nuna faɗin ƙofar in ba ki zuƙo ba, ta biyu kuma in kin zuƙo har ƙarshe. G7 X Mark III tana da 1.8-2.8, SX740 kuwa 3.3-6.9. Ƙofar 1.8 tana shigar da haske fiye da ninki uku na ƙofar 3.3. In kika haɗa wannan da allon da ya fi girma sau huɗu, kin ga hasken da ɗaya ke tarawa ya haura ninki goma na ɗayar.

A tsakar rana ba za ki ga wani babban bambanci ba, don ranar ƙasarmu ta wadata kowa. A cikin ɗaki ko bayan magariba ne asiri ke tonuwa. In haske ya yi wa kyamara kaɗan, ɗayan biyu take yi. Ko ta bar ƙofar a buɗe ta ɗan jima, sai duk wadda ta motsa ta fito dishi-dishi, ko kuma ta ƙara wa ɗan hasken ƙarfi, sai hoton ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa rairayi. Nan za ki ga zanen lallen amarya ya cakuɗe, adon leshi ya ɓace. In kin ce ki kunna fitilar kyamara, ita ma 'yan taku kaɗan take kaiwa, ta ƙone fuskar ta gaba, na baya kuma su zauna cikin duhu.

Kada mai kanti ya ruɗe ki da yawan megafiksel. Duka kyamarori biyun nan na Canon megafiksel 20 gare su. An yanka allon ne gida miliyan 20 a kowacce, amma gidajen ƙaramin allo ƙanana ne, hasken da kowane gida ke samu kaɗan ne.

Inda mai hango nesa ta yi zarra

Kada ki ɗauka cewa mai hango nesa ba ta da amfani. Akwai aikin da ita kaɗai ke iya yi. In kina kallon hawan salla a Kano ko Katsina ko Zariya, kina can bayan jama'a, ita ce za ta kawo miki fuskar mahayi da adon dokinsa. Haka nan in an kai yara Yankari ta Jihar Bauci, ba a matsawa kusa da giwa. Mu malamai mun san amfaninta ranar wasannin makaranta, yarinya tana gudu a ɗaya gefen fili ke kina wannan gefe. Duk waɗannan kuwa da rana ake yi, a fili, inda haske ya yawaita.

Amma ki san iyakarta. In kin zuƙo har ƙarshe, ɗan rawar hannu kaɗan sai ya zama girgiza babba. Ko da yake an sa musu abin rage girgiza, gara ki jingina da bango ko ki ɗora gwiwar hannu a kan wani abu. Lokacin hunturu kuma hazo yana cinye duk abin da ke nesa, komai ƙarfin gilashi. Sa'an nan ki rarrabe zuƙowar gilashi da zuƙowar dijital. Ta biyun yanko tsakiyar hoto kawai take yi ta kumbura shi, ba ta ƙara masa komai.

Ita ma mai tara haske ba ta rasa dabarar nesa ba. Hoto mai megafiksel 20, in kika yanko tsakiyarsa, rabin tsawo da rabin faɗi, za a bar miki megafiksel 5, kamar kin ƙara zuƙowa ninki biyu ke nan. Wannan ya isa a wanke miki hoton albam mai kyau.

To, wayar hannunki fa?

Tilas mu sa waya cikin lissafi, don ita ce ta karya kasuwar ƙananan kyamarori. Bisa ƙididdigar CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta ƙasar Japan, an fitar da kyamarori kimanin miliyan 121 a 2010, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Shi ya sa sababbin samfura suka yi ƙaranci, da yawa daga waɗanda za ki tarar tsofaffin yayi ne ko na hannu.

Manyan wayoyin zamani da dama allon haskensu ya fi na kyamara mai hango nesa girma, suna kuma haɗa hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido su fitar da guda mai kyau. Saboda haka in kin sayi mai hango nesa domin hoton cikin ɗaki, kina iya tarar da wayarki ta fi ta. In kuwa wayar taki mai kyau ce, kuma abin da ke damunki shi ne ba ta kai nesa, to mai hango nesa ce za ta cike miki gurbin.

Yadda za ki yanke shawara

Shawarata ita ce ki buɗe wayarki ki dubi hotuna ɗari na ƙarshe da kika ɗauka. Ki ƙirga nawa ne na cikin ɗaki ko na dare, nawa ne kuma kika so matsawa kusa amma babu hali. Wannan ƙirga ita za ta gaya miki gaskiya fiye da bakin mai talla. A ganina yawancinmu za mu tarar hotunanmu na mutane ne, a kusa, a cikin gida ko zauren biki. Mai irin wannan buƙata, balle wadda za ta karɓi kuɗin mutane ta ɗauki bikinsu, mai tara haske ce tata, ko da za ta ƙara wata biyu tana zubin adashi.

Akwai kuma na tsaka-tsaki masu allon inci ɗaya da zuƙowa matsakaiciya. Panasonic TZ100 ta 2016 tana zuƙowa ninki 10, TZ200 ta 2018 ninki 15, Sony RX100 VII ta 2019 kuma wajen ninki 8. Sun dace da matafiya, kamar mai zuwa ganin dangi a wata ƙasa. Sai dai an rage musu faɗin ƙofa, TZ200 daga 3.3 take farawa, RX100 VII kuma daga 2.8, kuɗinta da ta fito ya kai dala 1,200.

In kin shiga kanti ki kula da waɗannan abubuwa:

1. Ki nemi a nuna miki girman allon haske a kwali ko a takardar kyamara. 1/2.3 ƙarami ne, 1.0 shi ne mai inci ɗaya.
2. Ki karanta lambobin bakin gilashi da idonki.
3. Ki ɗauki hoton mutum a lungun kantin da ya fi duhu ba tare da fitila ba, ki buɗa shi sosai ki dubi idanu da gashin gira.
4. In ta hannu ce, ki kunna ki kashe sau da yawa ki ga ko gilashin yana fita yana komawa ba tare da sarƙewa ba. Ki ɗauki farin bango, in kin ga ɗigo baƙi a wuri guda cikin kowane hoto, ƙura ta shiga ciki, fitar da ita kuwa sai an kwance kyamarar.
5. Ki sayi batir na biyu da katin ajiya mai kyau. Ƙananan kyamarori ba su wuce hoto ɗari biyu zuwa uku da wani abu a caji guda, kin kuma san halin wutar lantarki.

Bayan kin saya, ki riƙa ajiye ta cikin jakarta, nesa da ƙura da hayaƙin murhu da hannun yara. Kada ki goge gilashin da bakin mayafi, akwai ƙyalle mai laushi da aka yi domin haka.

A ƙarshe ina tunatar da mu cewa hoton mace amana ne. Wadda ta bari kika ɗauke ta ba mayafi a ɗakin amarya ta yarda da ke ne. Kada ki tura hotonta ga kowa, kada ki sa shi a Facebook ko WhatsApp sai da izininta. Mai hoton da aka san ta da riƙon amana ba ta rasa gidan da za a kira ta.

Allah ya ba mu sa'ar ciniki, ya kuma sa albarka a abin da muka saya. Sai mun sadu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.