Ƙwayar Cutar da Take Rayuwa a Kan Ƴar'uwarta

Manoman ƙasar Zuru sun san ƙuduji, ciyawar da ba ta da rayuwa sai ta liƙe wa saiwar dawa tana zuƙe abincinta. To, cikin ƙudurar Ubangiji, har a tsakanin ƙwayoyin cutar da ake kira bairos, waɗanda ido ba ya riskarsu, akwai masu wannan ɗabi'a. A shekarar 2008 masana a birnin Marsai na Faransa, cikinsu har da Didier Raoult, suka bayyana wata ƴar ƙwaya da suka raɗa wa suna Sputnik, wadda take kutsawa inda wata babbar ƙwaya ke hayayyafa, ta ƙwace kayan aikinta, har babbar ta riƙa haifar naƙasassun ƴaƴa.

Tabibai sun kwaɗaitu da wannan al'amari, kuma ba a banza ba, domin wata ƙwaya mai dogaro da ƴar'uwarta, wadda aka gano a 1965, ita ce aka horar ta zama mai kai ƙwayar halitta lafiyayya cikin jikin majinyaci, kamar maganin Zolgensma da Amurka ta amince da shi a 2019 don jarirai masu shanyewar tsoka, ko da yake farashinsa ya haura dala miliyan 2.

Sai dai mas'alar da ta fi shafarmu tana cikin hanta. A 1977 likita Mario Rizzetto na Italiya ya gano ƙwayar ciwon hanta nau'in D, wadda ba ta iya yaɗuwa sai ta ari rigar nau'in B. Kuma alhali tana danne hayayyafar B ɗin, haɗuwarsu a jiki guda tana gaggauta lalacewar hanta fiye da B ita kaɗai. Dukkansu ta jini suke bi, ta askar wanzami da ƙaho da allurar da ba a tsarkake ba, abubuwan da muka saba da su a garuruwanmu.

Fa'idar wannan dogaro ita ce, wanda aka kare daga B ya tsira daga D. Tun 2004 Najeriya ta sa rigakafin B cikin allurar yara, kyauta. Iyaye na Zuru da Dabai da Rikoto, a kai jariri asibiti a yi masa ita cikin awa 24 da haihuwarsa.