Awon Basira ta Intanet da Matsalar Harshe: Tsokaci Kan Yaran Hausawa Mazauna Mile 3, Fatakwal

1.0 Gabatarwa

Yaɗuwar wayar hannu ta kawo wa Hausawa mazauna kudancin Nijeriya wani baƙon abu, wato gwajin awon basira ta intanet. Yaro kan amsa tambayoyi na 'yan mintoci, sai a fito masa da lamba a ce ga matsayin ƙwaƙwalwarsa. Ga yaron unguwar Mile 3 ta Diobu cikin Fatakwal, ko takwaransa na Anaca da Inugu, wannan lamba na iya karya masa gwiwa, har mahaifi ya cire shi daga makaranta ya zaunar da shi a rumfa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa lambar ba abar dogaro ba ce, musamman ga yaro mai harsuna da yawa.

2.0 Asalin Awon Basira

A shekarar 1905 ne Alfred Binet da Theodore Simon suka shirya gwajin farko a Faransa, domin gano ɗaliban da ke bukatar ƙarin taimako a aji. A 1916 Lewis Terman ya sake masa fasali a Amurka, sannan a 1939 David Wechsler ya fito da nasa, wanda ke kwatanta mutum da sa'o'insa. A tsarin da ake bi yau, 100 ita ce tsaka-tsaki, kuma kimanin kashi biyu bisa uku na jama'a sukan faɗa tsakanin 85 da 115. Ke nan lambar ba ta da ma'ana ita kaɗai. Matsayin mutum take nunawa a cikin wata jama'a sananniya.

3.0 Sharuɗɗan da Gwajin Intanet Ya Rasa

Da farko, dole ne a gwada tambayoyin a kan ɗimbin mutanen da ke wakiltar al'ummar da za a auna. Galibin gwaje-gwajen intanet ba sa bayyana da wa suka kwatanta mai amsawa. Na biyu, ma'aunin kan tsufa. James Flynn ya nuna a 1987 cewa sakamako ya yi ta hawa a ƙasashe da dama, kuma an ƙiyasta hawan da kusan maki uku cikin kowace shekara goma, shi ya sa ake sabunta ma'auni. Na uku, ƙwararre ne ke gudanar da gwajin asali, gaba da gaba, a wuri mai natsuwa. Wanda ya amsa a waya cikin hayaniyar tashar mota, ko ya maimaita har ya haddace, bai cika wannan sharaɗi ba.

4.0 Matsalar Harshe

Nan ne batun ya fi shafar manazartan harshe. Yaron Mile 3 yana Hausa a gida, Turancin buroka a titi, Ingilishi a aji, ga karatun allo da Larabci. Idan aka yi masa tambaya da Ingilishi ya kasa, ba a san ko tunaninsa ne ya gaza ko kalmar ce ba ta iso gare shi ba.

Fassara ma ba ta warware matsalar. Alal misali, kalma guda ta Ingilishi ta ƙunshi wa da ƙane, wata kuma ta haɗa kawu da baffa, alhali Bahaushe ya bambance su. Tambayar da aka gina a kan irin waɗannan kalmomi takan sauya nauyi da zarar an juya ta.

Har ila yau, akwai gwajin riƙe jerin lambobi a ka. A 1980 Ellis da Hennelly sun gano cewa masu jin Welsh da Ingilishi sun fi riƙe lambobi da Ingilishi, saboda sunayen lambobin Welsh sun fi ɗaukar lokaci wajen furtawa. A Hausa, daga ɗaya zuwa tara kowace lamba gaɓa biyu ce: ɗa-ya, bi-yu, hu-ɗu, ba-kwai, ta-kwas. A Ingilishi kuwa duk gaɓa ɗaya ne, in ban da bakwai. Saboda haka ana iya sa ran yaron da ke ƙirga da Hausa a zuciyarsa ya riƙe ƙasa da takwaransa, ba don ƙarancin basira ba.

Gwajin zane marar kalmomi, irin wanda John Raven ya fitar a 1938, shi ma bai kuɓuta daga al'ada ba. Robert Serpell ya nuna a 1979 cewa yaran Zambiya sun fi na Ingila kwaikwayon siffa da waya, su kuma na Ingila sun fi su da fensir da takarda. Kowa ya yi fice ne a abin da hannunsa ya saba.

Bugu da ƙari, Hausa ta rarrabe abin da ake son aunawa: akwai hankali, da basira, da hazaƙa, da hikima, da wayo, da dabara. Ana iya cewa yaro yana da wayo amma ba shi da hankali. Lamba guda ba za ta ɗauke waɗannan duka ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa gwajin intanet ya rasa jama'ar kwatance, da kulawar ƙwararre, da harshen da ya dace da yaro. A ɗauke shi a matsayin wasa ƙwaƙwalwa, kada a yanke makomar ɗalibi da shi. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya su haɗa kai da na nazarin halayyar ɗan Adam, a gina gwaji daga cikin Hausa, a kuma daidaita shi a kan yaran Kano da Sakkwato da na ci-rani irin na Fatakwal, domin Hausar waɗannan ba ɗaya take da ta gida ba.