Ƙusoshin da Suka Narke a Gindin Jirgin Alarm

A shekarar 1761 rundunar sojan ruwan Ingila ta lulluɓe gindin jirgin yaƙinta mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe, don hana tsutsar teku ɓarnata katako. Jirgin ya tafi yankin Karebiyan, aka jawo shi tudu a 1763 don a duba shi. Tsutsa kam ba ta taɓa katakon ba. Amma fallayen sun ɓamɓare a wurare da yawa, domin ƙusoshin baƙin ƙarfe da aka kafe su da su sun rikiɗe sun zama taɓon tsatsa.

Da jin haka, kowa zai ɗora wa ruwan gishiri laifi. To amma ai jirage sun daɗe suna yawo a teku da ƙusoshin baƙin ƙarfe, ba a taɓa ganin sun lalace da irin wannan sauri ba. Sai masu dubawa suka lura da wani abu: wasu ƙusoshin ba su ci sosai ba, kuma a ƙarƙashin kawunansu akwai guntun takardar da aka naɗe fallayen da ita, wadda ma'aikata ba su cire ba. Duk inda takarda ta raba ƙarafan biyu, ƙusa ta tsira. Ashe haɗuwar tasu ce ke kawo ɓarnar.

Dalilin yana cikin wani jadawali da ɗaliban kimiyyar sinadarai ke amfani da shi a yau. Kowane ƙarfe yana da lambar da ke nuna ƙarfin kwaɗayinsa na karɓar ilektaron, ana aunawa da bolt, an kuma ɗauki haidurojin a matsayin sifiri. Jan ƙarfe yana da +0.34, baƙin ƙarfe −0.44, tutiya −0.76, maganisiyam −2.37. Gwargwadon yadda lambar ta yi ƙasa, gwargwadon yadda ƙarfen ke saurin sakin ilektaron ɗinsa, kuma ƙarfen da ya saki ilektaron, narkewa yake yi. Wato a nan mai ƙaramar lamba shi ne gwarzo wajen bayarwa. A ganina wannan ne ɗalibi ya kamata ya fara fahimta kafin ya haddace ko da lamba ɗaya. Lambobin na yanayin ɗakin gwaji ne, suna ɗan motsawa a ruwan teku, amma jerin waɗannan ƙarafan bai canza ba.

Tsakanin jan ƙarfe da baƙin ƙarfe akwai tazarar bolt 0.78. Ga su manne da juna, ga ruwan gishiri mai ɗaukar lantarki: gindin jirgin gaba ɗaya ya zama batir. Ƙusa tana ta ba da ilektaron, suna ratsawa ta faffaɗan fallen zuwa ga iskar oksijin da ke cikin ruwa. Ƙusa ƙarama, falle ƙato, don haka ɓarnar ta taru wuri ɗaya. Takardar nan ita ta yanke hanyar.

A 1824 masanin kimiyya Humphry Davy ya juya al'amarin. Tunda jan ƙarfen ma yana ci a hankali, sai ya manna masa guntayen tutiya ko baƙin ƙarfe, su ci a madadinsa. Dabarar ta yi aiki, sai kuma wata matsala ta ɓullo: ciyayi da ƙananan halittun teku suka lulluɓe gindin jiragen. Ashe ɗan narkewar da jan ƙarfe ke yi ita ce gubar da ke korar su, Davy kuwa ya tsayar da ita. Rundunar ta jingine dabarar.

Yau jiragen ruwa na baƙin ƙarfe suna ɗauke da dunƙulen tutiya a gindinsu, ana canza su idan sun ci. Kwanon rufin gidajenmu ma tutiya aka shafa masa, shi ya sa ko ya karce ba ya saurin tsatsa. Gwangwanin tumatir kuwa kuza aka shafa masa, lambarta −0.14, sama da baƙin ƙarfe, don haka da zarar ya karce daga waje, baƙin ƙarfen da ke ƙarƙashinta ne ke fara ci.