Kulocin tsohon babur: a duba kebur kafin a buɗe inji

A garuruwan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, babur ne ke kai buhun masara kasuwa, shi ke kai taki gona, shi ke kai mara lafiya asibiti. Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne: Jincheng, Suzuki, Honda CG125 wadda aka fara ƙerawa a 1975, da Boxer da ta sha hannu. Idan kulocin irin waɗannan babura ya fara ba da matsala, abin da ake yawan ce wa mai shi shi ne filet ya ƙare, sai an buɗe inji. Alhali sau da yawa laifin yana waje, a liba ko a kebur, kuma gyaransa ba ya cin kuɗi sosai. Masu roba-roba wannan bai shafe su ba, domin nasu kulocin ba na hannu ba ne.

Aikin kuloci shi ne raba inji da giya. Idan ka damƙe libar hagu, tana jan wayar da ke cikin kebur, wayar ta ja ɗan hannun da ke jikin inji, sai faya-fayan kuloci, wato filet, su saki juna. Saboda haka bincike daga hannu yake farawa ya gangara ƙasa.

Fara da wasan liba, wato 'yar tafiyar da take yi kafin ka ji ta kama. A yawancin ƙananan babura ana son milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen libar. Idan wasan ya yi yawa, kuloci ba ya saki gaba ɗaya: giya ta riƙa shiga da ƙara, firi ya yi wuyar samu, babur ya riƙa rarrafe ko da ka damƙe liba. Idan kuma babu wasa sam, faya-fayan ba sa kama juna da kyau. Za ka murɗa totur, inji ya yi ta ruri, amma babur ba ya ja. An fi gane wannan a hawa, kamar hanyoyin duwatsun Riruwai, ko in an ɗora buhu biyu. Duka biyun ana saita su da notin da ke gindin liba, in bai isa ba a koma na ƙasa kusa da inji.

Idan liba ta yi tauri, cire kan kebur daga jikinta ka motsa ta ita kaɗai. In har yanzu tana cijewa, ƙusar da take juyawa a kai ta bushe, ko libar ta lanƙwashe a wata faɗuwa. A wanke a sa giris. In ta tafi salin alin, sai ka cire kebur ta ƙasa ma, ka ja wayar da yatsu. Waya mai lafiya tana zamewa ba gardama. Wadda ƙurar hunturu da taɓon damina suka shiga za ka ji tana turjewa. A tsaida ta a ɗiga mata mai har ya fito ta ɗaya bakin.

Ka dubi wayar da kyau daidai inda ta shiga liba, domin nan ta fi tsinkewa. Da zarar ka ga sili ɗaya ya miƙe, canza ta, sauran ma suna hanya. Sannan ka juya kan babur dama da hagu har ƙarshe. Idan wasan liba ya canza, an bi da kebur ta gurguwar hanya, ko tanki ya danne shi, ko an sa wanda bai kai tsawo ba.

Sai an gama duk wannan, kuloci bai daina zamewa ba, ake zargin cikin inji: faya-fayan sun cinye, ko sifirin ya saki. A nan ma a tambayi irin baƙin man da aka zuba. Kulocin waɗannan babura a cikin mai yake aiki, kuma wasu mayukan mota suna sa shi santsi. A nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa. Ɗabi'ar riƙe rabin kuloci a yashi ko a hawa ita ma tana ƙona filet da wuri.

Mai bin hanyar Kwanar Dangora zuwa Doguwa ya san cewa in ya shiga dajin Falgore zai yi tafiya mai nisa bai ga bakanike ba. Saboda haka ka ajiye sabon kebur da sifana a ƙarƙashin sit, ka kuma taɓa wasan libarka kowace safiya kafin ka buga kik.