Shaidar da Ciwon Dajin Hanji ke Ɗauke da Ita

A kasuwannin dabbobi na Damargu, makiyayi kan dubi shaidar da ke wuyan raƙumi ko cinyarsa ya faɗi gidan da ya fito. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ma kowace tana da irin wannan shaida a bayanta, wasu sinadarai da masana ke karantawa.

A 1965, Phil Gold da Samuel Freedman na Jami'ar McGill a Kanada suka gano wani abin mamaki. Ƙwayoyin ciwon dajin babban hanji suna ɗauke da wani sinadari mai yawa wanda aka fi samu a hanjin ɗan tayi. Bayan haihuwa sai ya ragu ƙwarai. Ke nan ƙwayar da ta kamu tamkar ta koma yarinta ce, ta manta aikinta, sai hayayyafa. Aka sa wa sinadarin suna CEA, kuma ana auna shi a jini.

A 2007, ɗakin binciken Hans Clevers a Holan ya bayyana wata shaidar, LGR5. Tana jikin ƙwayoyin iri da ke lungunan bangon hanji, waɗanda ke sabunta shimfiɗarsa cikin kwana uku zuwa biyar. A shekarar kuma, masana a Kanada da Italiya suka nuna cewa tsirarun ƙwayoyi masu shaidar CD133 na iya sake tayar da ƙari.

Manomin gero a Gangara ya san wannan a gonarsa. Ya tuge ƙuduji bana, amma irinsa na kwance cikin ƙasa, baɗi ya sake tsirowa. Shi ya sa likita ke bin awon CEA bayan tiyata: in ya sauka, alhamdu lillahi, in ya fara hawa, a koma bincike. Sai dai awon ba ya kama cutar da wuri, kuma shan taba ma na ɗaga shi. Duba hanji da na'ura mai kyamara da gwajin tsoka su ne ke tabbatarwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum sama da miliyan 1.9 suka kamu da ciwon dajin babban hanji a duniya, fiye da 900,000 suka rasu. A wajenmu jinkiri ne babban abokin gaba. Mutum ya ga jini a bayan gida, ya ce basir ne ko atini, ya yi wata da watanni yana shan jiƙo. Kunya ta hana shi faɗa. Daga Tanut a tura shi Damagaram, daga can Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ƙarfi ya ƙare, guzuri ya ƙare.

Ɗan'uwa, in jinin ya ƙi tsayawa, ko rama ta kama ka ba dalili, ko bayan gida ya sauya na tsawon makonni, je asibiti mafi kusa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.