Abin da ke sa kwamfutar haɗin gida rage gudu, da yadda ake gano tushen matsalar

A Abuja, matasa da dama masu sana'ar tace bidiyo, zanen gine-gine da rubuta manhajoji sun koma haɗa kwamfutocinsu da kansu. Sukan sayi sassan ɗaya bayan ɗaya, wasu daga shagunan Banex Plaza da ke Wuse 2, wasu kuma su yi odarsu daga kasuwar Computer Village ta Ikeja a Legas, saboda haɗin gida yakan fi araha, kuma yana ba mutum damar zaɓar abin da ya dace da aikinsa.

Sai dai akwai matsalar da ke yawan tayar wa masu irin wannan kwamfuta hankali. Na'urar da ta saba aiki cikin sauri sai ta wayi gari tana jan ƙafa, aikin da take gamawa cikin minti goma ya koma cin rabin awa. Abin da ke fara zuwa wa mai ita a rai shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta lalace. Tun bayan sauyin tsarin canjin kuɗi na watan Yunin 2023 farashin kayan da ake shigowa da su daga waje ya tashi ƙwarai, don haka sayen sabuwar furosesa ba ƙaramar ɗawainiya ba ce. Ga shi kuwa a mafi yawan lokuta furosesar lafiyarta lau, wani abu ne daban ke tilasta mata rage gudu.

Ba kowace raguwa ce matsala ba

Ana auna gudun furosesa da gigahaz, kuma ba a ƙera ta don ta tsaya a kan gudu ɗaya ba. Misali, Core i5-12400 ta kamfanin Intel tana da gudun tushe na gigahaz 2.5, amma takan kai 4.4 idan aiki ya buƙata. Idan babu abin da take yi, da kanta take sauka ƙasa sosai domin rage shan wuta da zafi. Saboda haka ganin ƙaramar lamba a lokacin da kwamfuta ke hutawa ba abin damuwa ba ne.

Gwajin da ke da amfani shi ne na lokacin aiki. A tsarin Windows, a buɗe Task Manager, a shiga sashen Performance, sannan a ɗora wa kwamfutar aiki mai nauyi kamar fitar da bidiyo ko gwajin manhajar Cinebench. Idan gudun ya tashi ya tsaya a sama, to furosesa ba ta da laifi. Idan kuwa ya tashi sannan ya faɗi, ko ya ƙi tashi gaba ɗaya, akwai abin bincike. Manhajar HWiNFO, wadda kyauta ce ga mai amfanin kansa, tana nuna zafi, gudu da yawan wutar da furosesa ke ja a lokaci guda, har ma da dalilin da ya sa aka taƙaita ta.

Zafi da ƙura

Zafi ne abin zargi na farko. Kowace furosesa tana da iyakar zafin da za ta iya ɗauka. Yawancin na Intel na tebur iyakarsu digiri 100 ne a ma'aunin salshiyos, yayin da jerin Ryzen 7000 na kamfanin AMD, da suka fito a 2022, iyakar mafi yawansu digiri 95 ne. Da zarar an kai wannan iyaka, furosesa takan rage gudunta don kada ta ƙone.

Yanayin Abuja yana ƙara wa wannan matsala ƙarfi ta fuska biyu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana taruwa a tsakanin siraran ƙarafan na'urar sanyaya da kuma fankoki, ta toshe hanyar iska. Da hunturu ya wuce sai bazara ta shigo, inda zafin rana a watan Maris yakan haura digiri 35. Kwamfutar da ta yi aiki lafiya a Disamba tana iya fara gazawa a Maris, saboda fankar da ƙura ta riga ta shaƙe yanzu iska mai zafi take hurawa.

Akwai kuma kurakuran haɗi. Sabuwar na'urar sanyaya takan zo da siririyar leda a ƙasanta, kuma masu haɗin farko sukan manta ba su ɓare ta ba. Wani lokaci kusoshin ne ba a ɗaure su daidai ba, gefe ɗaya ya fi wani matsewa. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da na'urar sanyaya shi ma yakan bushe bayan shekaru. Alamar waɗannan duka ɗaya ce: zafi ya yi tsalle zuwa iyaka cikin daƙiƙu kaɗan da fara aiki. Maganin shi ne a kashe kwamfuta, a zare ta daga soket, a hure ƙurar tare da riƙe fankoki don kada su yi ta juyawa, a goge tsohon man, a sa sabo kamar girman ƙwayar wake, sannan a ɗaure kusoshin bi da bi, kusurwa da kishiyarta.

Iyakar wuta da saitunan tsarin

Idan zafi bai kai iyaka ba amma gudu yana faɗuwa, sai a duba wuta. Furosesa tana da iyakar wuta iri biyu, ta ɗan gajeren lokaci da ta aiki mai tsawo. A Core i5-12400, ta farko wat 117 ce, ta biyu kuma wat 65. Wasu madabod, wato babban allon da ake dasa sassa a kansa, sukan bar ta ta ja wuta mai yawa na ƙasa da minti ɗaya, sannan su mayar da ita kan wat 65. Wannan tsari ne aka yi da gangan, kuma ana iya ganinsa a saitunan BIOS.

Haka nan madabod mai araha da aka ɗora wa furosesa mai ƙarfi yakan gaza. Sassan da ke tace wuta a gefen mazaunin furosesa su ne ke yin zafi, sai su sa a rage gudu ko da ita furosesar tana da sanyi. Fanka ɗaya da ke hura wa wannan wuri iska takan kawo sauƙi.

A cikin Windows kuma, tsarin wuta na Power saver yana danne gudu. Akwai wani saiti mai suna Maximum processor state, wanda idan aka sa shi a kashi 99 cikin ɗari maimakon 100 yakan hana furosesa wuce gudun tushenta.

Idan gudu ya maƙale a wuri ɗaya

Akwai alamar da ta bambanta da sauran: furosesar Intel ta maƙale a kusan gigahaz 0.8, ko da aiki ko babu, alhali zafinta bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa wannan na faruwa ne idan madabod ya aika mata da saƙon gaggawa na cewa wani sashe ya yi zafi, ko da kuwa ma'aunin da ya ba da rahoton ne ya lalace. Matakin farko shi ne a mayar da BIOS kan saitunansa na asali, a tabbatar wayar wutar furosesa mai baki 8 ta shiga sosai, sannan a sabunta BIOS daga shafin kamfanin da ya ƙera madabod ɗin. Manhajar ThrottleStop tana iya toshe wannan saƙo, amma yin hakan ba tare da gano musabbabinsa ba tamkar cire ƙararrawar gobara ne.

Sabunta BIOS yana buƙatar hattara, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya hana madabod tashi. Bai kamata a fara ba sai kwamfutar tana kan inbata ko na'urar UPS mai cikakken caji. Raunin wutar gari ko ta janareta kuwa ya fi haddasa mutuwar kwamfuta farat ɗaya ko sake kunna kanta, ba raguwar gudu ba. Akwatin wutar kwamfuta ba a buɗe shi a gida, saboda yana riƙe caji mai haɗari ko bayan an zare shi daga soket.

Kafin a kai wa mai gyara

Idan gudun furosesa yana sama amma kwamfuta tana nauyi, matsalar tana wani wuri: ƙarancin RAM, tsohon faifan ajiya, ko muguwar manhaja da ke haƙar kuɗin kirifto a ɓoye. Task Manager yana nuna manhajar da ke cinye ƙarfin na'ura.

Ƙa'idar binciken ita ce a canza abu ɗaya a lokaci guda, a sake gwaji, a rubuta zafi da gudun da aka gani. Wanda ya je wurin mai gyara da waɗannan alƙaluma a hannu ya rage wa kansa kashe kuɗi a kan zato, kuma zai iya neman a gwada furosesarsa a wani madabod a gabansa kafin ya amince da sayen sabuwa.