A Jami'ar KTH Ta Suwidin, Digiri Na Uku Aiki Ne Da Ake Biyan Albashi

Matasa da yawa da suka gama digiri na biyu a fannin kimiyya suna kwana suna laluben tallafin karatu a waya, ba su san cewa a wasu ƙasashen Turai ba tallafi ake nema ba, aiki ake nema. Jami'ar fasaha ta KTH da ke birnin Stockholm, wadda aka kafa a 1827, tana cikin masu wannan tsari.

A can, ɗalibin digirin digirgir ma'aikaci ne. Yana sa hannu a kwantiragi, yana karɓar albashi duk wata, yana da hutun shekara, kuma ba ya biyan kuɗin makaranta ko daga wace ƙasa ya fito. Karatun shekara 4 ne. Yana iya kaiwa 5 idan aka ba shi koyarwa ko wani aikin sashe, wanda bai wuce kashi 20 cikin 100 na lokacinsa ba.

Abin da ke rikita sababbin masu nema shi ne babu wani lokacin cike fom guda ɗaya a shekara. Farfesa ne ke samo kuɗin bincike, sai a tallata gurbi don wannan aikin kaɗai, da ranar rufewarsa. Yau ana neman mai aiki a kan ƙirƙirarriyar basira ko tsaron intanet, gobe sinadaran batir, jibi lissafi, makamashi ko injiniyancin lafiya. Masu sha'awar manhaja da mutum-mutumi su riƙa sa ido kan guraben shirin WASP, wanda gidauniyar Wallenberg ke ɗaukar nauyinsa tun 2015. Masu harkar sadarwa kuwa su tuna hedikwatar Ericsson a Stockholm ɗin take.

Sharaɗin shiga shi ne digiri na biyu ko karatun da ya kai matsayinsa, da shaidar iya Turanci. Ba a buƙatar harshen ƙasar kafin a fara bincike. Ana ɗora takardu a shafin ɗaukar ma'aikata na jami'ar: CV, shaidar digiri, sakamakon jarrabawa, da wasiƙar da ke bayyana dalilin neman wannan gurbin. Wasiƙar nan ce ke kayar da mutane. Wanda ya rubuta guda ɗaya yana watsa ta ko'ina, nan take ake gane shi, domin malamin yana son ganin mai nema ya karanta bayanin aikin, ya kuma nuna inda binciken da ya yi a baya ya haɗu da shi.

Wanda ya riga ya zama dakta ma yana da ƙofa: aikin bincike na shekara 2 zuwa 3, inda aka fi fifita waɗanda ba su wuce shekara 3 da kammalawa ba.

Waya ta isa a bibiyi guraben, a shafin KTH ko a EURAXESS na Tarayyar Turai, amma ɗora takardu ya fi sauƙi a kwamfuta. Neman kyauta ne, don haka duk wanda ya ce a turo kuɗi a WhatsApp zai samo gurbi, ɗan damfara ne. Wanda aka ɗauka sai ya nemi izinin zama daga hukumar shige da fice ta Suwidin, ya kuma fara neman ɗaki da wuri, saboda samun gida a Stockholm ba wasa ba ne.